Allurar da Ta Daina Ƙarya

Injin motata ya buga a hanyar Baure, bayan mun wuce Zango, cikin bazara, da fasinja takwas da buhunan gero a baya. Ba ta ƙara tashi ba. Ni na kashe ta, idona biyu, ina kallon allurar zafi tana hawa.

Tsohuwar wagon ce, ta girmi 'yata ta fari. Gonar da na gada a wajen Sandamu na sayar na saye ta, bayan na yi shekara goma sha tara ina tuƙa motocin mutane. Yayyena sun ce ƙasa ba ta tsufa, ƙarfe kuwa ruɓewa yake yi. Na ji su. Na gaji ne da miƙa wa wani makulli kullum da yamma. Daura zuwa Zango, Zango zuwa Baure, a dawo. Da wannan hanyar na ciyar da gida shekara goma sha ɗaya, da ita na aurar da yarinyar. Ba ni da wata sana'a, ba ni da wata kadara.

Ban yi boko ba. Agogo uku ne a gaban sitiyari. Na gudu ya mutu tun kafin motar ta zo hannuna. Na fetur ba shi da amana, ni dai na san abin da na zuba, na san inda zai kai ni. Na zafi kaɗai nake kallo. Akwai harafi ɗaya a ƙasansa, ɗaya a sama, ban san sunansu ba, amma na san fari na san ja. Mutumin da ya koya mini tuƙi ya ce mota tana yafe wa direba abu da yawa, ban da wannan. In allura ta kai ja ka tsaya, ko da gawa ka ɗauko ana jiranka a maƙabarta. Shekara talatin ban saɓa masa ba.

Bayan damina, da hanya ta farfashe, abin ya fara. Muna gab da shiga Zango na faɗa wani rami, ba babba ba. Na ɗago ido na ga allura a ƙarshen ja. Ba hawa ta yi ba, tsalle ta yi. Na sauka gefe, na kashe mota, na buɗe bonet. Na jira yadda aka koya mini, na sa tsumma na murɗe murfin lagireto a hankali, fuskata a gefe. Ruwa cike, a kwance, ko motsi ba ya yi. Na kama robar lagireto ta sama da hannu, ɗumi ne kawai, irin na kwanon tuwon da ya jima a ajiye. Na tayar da mota, allura ta koma tsakiya kamar ba ita ba.

Washegari ta yi sau biyu. Kafin mako ya zagayo sai da na daina ƙirgawa.

Ina da bakanike, dattijo, a gindin wata darbejiya a bayan tasha yake aiki. Injiniya nake ce masa, shi ma bai yi boko ba. Ya ce datti ne. Ya cire lagireto ya wanke shi da garin sabulu, laka ta fita kamar kunun kanwa. Allura ba ta daina ba. Ya canja murfi. Ya nemi ɗan ƙarfen nan da ke tare ruwa a wuyan inji don ya cire shi, ya tarar wani ya riga shi tun shekaru. Ya ƙara ɗaure fanbel. Daga ƙarshe ya ce suwic ne, wato ɗan abin da ake murɗawa a jikin inji, mai gaya wa agogo zafin ruwa. Muka sa na gwanjo. Kwana biyu lafiya, rana ta uku ta yi tsalle tun ban fita ƙofar tasha ba.

Na koma wurinsa. Ya ce in murɗa makulli kar in tayar, in zuba wa agogon ido. Ya zare wayar da ke kan suwic, allura ta kwanta ƙasa. Ya manna bakin wayar a jikin inji, allura ta yi sama har ƙarshe. Ya ɗauke, ta kwanta. Ya yi haka sau uku, sannan ya goge hannu a wando.

"Ka gani? Agogonka da ransa, suwic ma da ransa. Wayar ce ta goge a wani wuri, in ka faɗa rami sai ta haɗu da ƙarfe."

Na ce to ya nemo wurin.

"Ni ƙarfe na sani, Direba. Waya aikin mai wayarin ne. Kai da kake da shi a gida, me ya kawo ka kana ƙarar mini da sabulu?"

Surukina yake nufi, mijin 'yata ta fari. Aikin wayar mota yake yi, yana da rumfa a bakin hanya, kuma duk tasha an san hannunsa yana da kyau. Yaron kirki ne, ban taɓa jin abin assha a kansa ba. Amma suruki ne. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ban taɓa kiran sunan matarsa ba, ita ce ta fari, haka na ga ubana ya yi da yayana. In na hango shi a lungu nakan canja hanya, shi ma haka yake yi, wata rana har muka sake haɗuwa a lungu na biyu. Tun da aka ɗaura auren, maganar da ta shiga tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa ba.

In na kai masa mota zai watsar da aikin kowa ya kama tawa, kuma ba zai karɓi ko sisi ba. A tasha sai a ce na ba da 'ya don in riƙa samun gyara kyauta. Na je wurin wani mai wayarin a wata unguwa, ya leƙa ya ce sai an sauke dashbod gaba ɗaya, kwana biyu, kuma robar ta tsufa, in ta farfashe ba ruwansa. Ina tsaye a wurin na tuna garin nan ƙarami ne. Kafin magariba labari zai kai wa yaron cewa surukinsa ya tsallake rumfarsa ya kai wa bare aiki. Wannan ma cin fuska ne. Na ja motata na tafi.

Na ci gaba da tsayawa. Duk tsallen da ta yi sai in sauka, in buɗe, in jira, in taɓa roba, in rufe. Wata rana sau uku kafin Baure. 'Yan tasha suka sa wa motar suna, Mai Zazzaɓi. Ɗan kamashon da ke yi mana lodi in layi ya zo kaina sai ya ɗaga murya yana cewa Zango Baure, da hutu uku a hanya, hutun kyauta ne. Ana dariya. Dillalan shanu masu sammakon kasuwa suka fara tsallake ni, gara su jira mota ta gaba ta cika. Akwai ranar da na wuni a layi na koma gida da lodi ɗaya. Mai ɗakina ta rage awo.

To sai na yi abin da ban taɓa yi ba. Wata safiya ta yi tsalle, na ƙi tsayawa. Na dunƙule hannu na buga dashbod, ta ɗan yi rawa ta sauka. Har muka isa Baure gumi nake yi, kunnena na kan inji. Ba abin da ya faru. Na buɗe, ruwa a kwance. Bayan wata ɗaya na daina gumi. Bayan wata huɗu ko bugun ma ba kullum nake yi ba, in ta ga dama ta hau, in ta ga dama ta sauka. Fasinja suka dawo.

A cikin bazarar ne yarinyar ta haihu, haihuwar fari, tana gidana wankan jego. Mijinta yakan zo da yamma ya tsaya a waje, uwarta ta fito su gaisa, a miƙo masa jariri ya gani. In na san lokacin zuwansa ne nakan zauna a masallaci.

Wata Juma'a aka yi mana rasuwa a Sandamu. Maƙwabcina ya ɗauke ni a babur muka tafi ta'aziyya, na bar mota a ƙofar gida, makulli a rataye a ƙusa. Bayan la'asar muka dawo. Na sauka ke nan na ga surukin nawa a bakin zaure, ba hanyar kaucewa. Ya cire takalmi ya durƙusa, kansa a ƙasa. Ya yi mini gaisuwar rasuwa, na amsa ina kallon bango. Sai ya ce da ƙaramar murya:

"Baba, na ɗan taɓa motar."

"To madalla. Allah ya yi albarka."

Iyakar maganar ke nan. Bai ce me ya taɓa ba, don kar ya zama kamar yana yi mini gorin aiki. Ban tambaya ba, don ba a tsayawa ana tambayar suruki kamar abokin hira. Na shige gida. Mai ɗakina ta ce shi ya aiko a ba shi makulli, ya kai sa'a guda kansa a ƙarƙashin sitiyari. Ita ma iyakar abin da ta sani ke nan. Yarinyar ta sani, ita ta kai masa labarin allurar tun farko, amma ba ta magana da ni sai ta bakin uwarta, kuma ta ɗauka ya gaya mini.

Da safe na tarar an wanke motar tas. Siginar hagu da ta shekara ba ta kamawa tana kamawa. Ham ya ƙara ƙarfi. Na ce ashe abin da ya taɓa ke nan. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Kwana uku allura tana zaune a tsakiya, ban kawo komai a raina ba, don ta saba yin mako guda tana kirki.

Ranar kasuwar Baure lodi ya yi nauyi. Rana tun hantsi kamar ta faɗo. A gaba kusa da ni wani Alhaji ne, dillalin shanu, tsohon fasinjana, ya san labarin motar kaf. Mun wuce Zango da ɗan nisa na ga allura ta bar tsakiya. A hankali take tafiya, kamar inuwa a jikin bango.

Na gani. Wannan ne abin da ba zan iya sauke wa kowa ba. Wata shida ina kallon ƙaryarta, na san tsalle take yi, ba ta taɓa hawa a hankali ba. Wani abu a cikina ya ce tsaya. Sai na ce wa kaina sabuwar ƙarya ta koyo. Na buga dashbod. Ba ta yi rawa ba. Na sake bugawa.

Alhaji ya leƙo ya yi dariya. "Direba, mutuniyar taka ce ta motsa? Don Allah kar ka ba mu hutun nan yau, ana jirana."

Na ce ba zan tsaya ba.

Wata tsohuwa a kujerar baya ta ce tana jin ƙauri, kamar an manta tukunya a murhu. Wani ya ce mata ai ƙaurin taya ne, kwalta ta yi zafi. Allura ta shiga ja. Na ce bari in kai ƙauyen da ke gaba, akwai inuwa, akwai rijiya. Na taka mai, mota ta ƙi amsawa. Wata ƙara ta taso daga inji kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Na sauke giya. Ta yi jijjiga sau biyu, ta yi wani gum, tayoyin baya suka ja ƙasa, shi ke nan.

Da na buɗe bonet ko tururi babu. Zafi ne kawai ya bugi fuskata, da warin ƙonannen baƙin mai. Na durƙusa na leƙa ƙasa, robar lagireto ta ƙasa ta tsage tsawon yatsa. Ruwan ya tsiyaye a kan hanya tun can baya, rana ta shanye shi. Da na tsaya lokacin da na fara gani, da tsumman roba da waya da jarka ɗaya ta ruwa sun kai ni Baure.

Fasinja ba su zage ni ba. Gara da sun zaga. Suka sauke kayansu ɗaya bayan ɗaya, wasu suka hau babura, Alhaji ya tare wata mota ya ce Allah ya kiyaye gaba. Na zauna a gefen hanya har la'asar, sannan wani direban layinmu da ke dawowa ba lodi ya ɗaura mini igiya ya jawo ni Daura. Ina riƙe da sitiyari, ina taka birki in igiya ta yi sako-sako. Ban taɓa jin motar shiru haka tana tafiya ba.

Kwana biyu Injiniya ya yi yana kwance injin. Ya jera kayan a kan buhu. Kan injin ya lanƙwashe, fistin biyu sun manne, uwar injin kanta ta tsage. Ya ce wannan ba gyara, sai wani inji. Ni da shi duk mun san ba ni da hanyar wani inji, bai ma faɗi kuɗinsa ba. Ya ce amma abin da ya ɗaure masa kai, yaya aka yi tsohon direba kamata ya bar inji ya dahu haka. Na ce ai ya san agogon maƙaryaci ne.

 Ya bi wayar suwic da yatsa har inda take shiga cikin mota ta wata 'yar kafa a jikin ƙarfe. Ya tsaya. Ya kira ni in gani. Sabuwar waya ce, an sa mata 'yar roba a bakin kafar don kar ta sake gogewa, an naɗe ta tsaf. A ƙasa kan tabarmar mota ya tsinto guntun tsohuwar, bayanta ya cinye, jan ƙarfen a waje.

"Wa ya yi maka wannan?"

Sai a lokacin na gane abin da yaron ya taɓa.

Ya je wurin mai shayin bakin tasha ya karɓo ruwan zafi a gwangwani. Ya haɗa suwic da wayar, ya jawo wata waya daga jikin suwic ɗin zuwa ƙarfen mota, ya ce in murɗa makulli. Ya tsoma bakin suwic ɗin a ruwan. Allura ta tashi a hankali, ta wuce tsakiya, ta tsaya. Ruwan yana hucewa tana sauka. Ya jijjiga wayar, ya buga dashbod da kansa, ko gezau ba ta yi ba.

"Agogon nan lafiyarsa ƙalau, Direba. Gaskiya ya gaya maka."

Na ce na ji.

Kafin in isa gida magana ta riga ni. Mai ɗakina cikin kuka ta gaya wa maƙwabta cewa yaron ya taɓa motar ranar Juma'a, ba da wata manufa ta faɗa ba. Zuwa washegari duk unguwa da tasha abin da ake cewa ke nan: suruki ya taɓa mota, kwana huɗu ta mutu. Wasu direbobi suka janye motocinsu daga rumfarsa.

Yaron ya zo da yamma, ya aiko a yi masa sallama da ni. Wannan ne karo na farko da ya taɓa nemana da kansa. Na fito zaure. Ya durƙusa, ya rame a kwana uku. Ya ce Baba in yafe masa, shi da nufin alheri ya yi, bai san inda ya kuskure ba, ya kwana yana bin aikin a kansa bai gano ba. 

Maganar tana bakina. Aikinka daidai ne, ni ne ban tambaya ba, ni ne na gani na ƙi tsayawa. Ba ta da tsawo. Amma ban taɓa haɗa kalma goma da shi ba, kuma ban san yadda mutum yake tsayawa a gaban mijin 'yarsa ya ce shi ne wawa ba. Na kalli bango na ce:

"Ba komai. Haka Allah ya ƙaddara."

Ya yi godiya ya tashi. Sai da ya fita na gane abin da na yi. Wanda aka ce wa ba komai, an tabbatar masa da akwai laifin da aka yafe.

A tasha na faɗi gaskiya. Na tsaya a gaban benci na ce yaron nan gyara ya yi, agogon daidai yake, ni na kashe motata, a tambayi Injiniya. Suka ce kai dattijon arziki, haka ake so, suruki ya rufa wa suruki asiri. Ba wanda ya je ya tambaya. Na gaya wa mai ɗakina ta gaya wa 'yarta ta gaya masa. Amsar da ta dawo ita ce ya gode da karamcin Baba. Ya kuma aiko cewa zai sayar da babur ɗinsa a haɗa a nemi inji. Na ce a ce masa a'a. Da babur ɗin yake kai matarsa asibiti, kuma ko an sayar ba zai kai ko'ina ba.

Motar ta yi wata biyar a gindin darbejiya. Tayoyi suka sace, awaki suna kwana a ƙarƙashinta. Aka fara zare mata abubuwa, yau madubi, gobe fitila. Da na ga haka na kira masu sayen tsohon ƙarfe. Ban tsaya na ga yankanta ba. Abin da suka ba ni mun ci shi kafin kaka.

Na nemi tuƙi wurin masu motoci uku. Ɗaya ya ce na tsufa. Biyu ba su faɗi dalili ba, amma na san sun ji labarin direban da ya dafa inji.

Yanzu ina tashar Daura, ina yi wa motocin wasu lodi. Daga safe zuwa la'asar ina kiran Zango da Baure, ina ɗaure buhuna a but, abin da direba ya miƙo in karɓa. Shekarata hamsin da takwas, bayana ya fara ƙin ɗaukar buhu. Da ƙafa nake zuwa, da ƙafa nake komawa.